Nauyin Ɗan'uwa da Kayan Kanmu

Abin karantawa: Galatiyawa 6:1-10, Ayyukan Manzanni 11:27-30.

Cikin aya ta 2 Manzo Bulus ya umarce mu da taya juna ɗaukar kaya, amma cikin aya ta 5 ya bar wa kowa nasa. Maganarsa biyu ke nan? Ko kaɗan. A Helenanci kalmomin dabam suke. Ta fari, baros, nauyi ne mai danne mutum. Ta biyu, fortiyon, kaya ne wanda aka ɗora wa mutum a kan nasa rabo.

Noman gonarmu da ciyad da iyalinmu kayanmu ne, kada mu jibga wa ikilisiya. Amma doguwar jinya, da yunwa, da mutuwar maigida, da kora daga gida saboda bangaskiya, waɗannan sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Haka kuma wanda ya fāɗi cikin laifi: a komo da shi da tawali'u, ba da tsegumi ba.

Mu dubi masu bi na Antakiya. Da annabi Agabus ya faɗa musu za a yi babbar yunwa, wadda ta auku a zamanin Kaisar Kalaudiyus (ya yi mulki daga shekara 41 zuwa 54), suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Barnaba da Shawulu suka kai wa dattawa a Yahudiya. Da yawa cikin masu bayarwa al'ummai ne, masu karɓa kuwa Yahudawa, duk da haka kabila ba ta hana ba.

Tambayoyi:
1. Wane nauyi ne ke danne wani a cikinmu yau?
2. Wa za mu aika da taimakonmu?