Darasin Wannan Wata: Tara Dangin Ɓaure a Gida da Gona

Wani mutum sha'awarsa kiwon tantabaru. Wani kuma kiwon doki. Akwai wata sha'awa wadda ba ta cin kuɗi, kuma jikoki suna cin amfaninta. Ita ce tara itatuwa dangin ɓaure. Darasin wannan wata zai bayyana waɗannan itatuwa, da yadda ake dasa su, da dalilin da ya sa ya kamata kowane gida ya riƙe nasa.

ƘASAR BAGUDO DA ITATUWANTA

Bagudo ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi, jihar da aka kafa a shekarar 1991. Kogin Kwara ya ratsa ƙasar. Daga yamma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. A cikinta akwai garuruwa irin su Illo, Lolo, Ka'oje, Zagga da Tsamiya. Ƙasa ce mai fadama da bakin kogi, irin wurin da ɓaure yake so.

Amma manyan itatuwa suna raguwa. Ana sare su don itacen wuta da gawayi. Ana sare su don buɗe gona. Da rani kuma ana datse rassansu don dabbobi, har wasu su mutu. Tsofaffi sun san sunan kowane itace. Yara da yawa ba su iya bambanta durumi da gamji. Idan itace ya ɓace daga gari, sunansa ma yana bin sa.

SU WANE NE DANGIN ƁAURE?

Masana itatuwa sun ƙidaya fiye da iri 750 na dangin ɓaure a duniya. Alama biyu ce ta haɗa su. Ta farko, idan aka tsinke ganye ko aka sari reshe, farin ruwa mai danƙo kamar nono yana fitowa. Ta biyu, ba a ganin furensu a waje. Ga bakwai da aka sani a ƙasar Hausa:

1. Ɓaure. Ganyensa yana da kaushi. Bayan itacen ruwan ɗorawa-ɗorawa ne. Yana son fadama da bakin ruwa. 'Ya'yansa suna da zaƙi idan sun nuna.

2. Uwar yara, wadda wasu suke kira farin ɓaure. 'Ya'yanta suna fitowa cunkus a jikin kututture da manyan rassa, kamar yara sun kewaye uwarsu.

3. Durumi. Ganyensa fato-fato ne, mai santsi da sheƙi, da tsini a baki. Inuwarsa tana da sanyi. Shi ya sa ake samun sa a kasuwa da ƙofar fada.

4. Ceɗiya. Ganyenta ƙanana ne, kore shar. Wasu saiwoyi suna saukowa daga rassanta kamar gemu.

5. Gamji. Babban itace ne mai manyan ganye. Bayansa ja-ja ne. A zamanin Turawa an riƙa sayen danƙonsa ana fita da shi waje.

6. Shirinya. Ganyenta sirara ne. Awaki da tumaki suna son sa.

7. Kawuri. Yakan fito a wurare masu duwatsu. Sabon ganyensa ja ne kafin ya koma kore.

Waɗannan itatuwa sun daɗe tare da mutane, har sun shiga sunayen wurare. A birnin Kano akwai unguwar Durumin Iya da ta Ceɗiyar 'Yan Gurasa. A Jihar Katsina akwai ƙaramar hukumar Ɓaure. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya rasu a 1966, ana yi masa laƙabi da Gamji saboda girman wannan itace. A ƙasar Bagudo ma ga garin Tsamiya, wanda ya ci sunan itace, ko da yake tsamiya ba dangin ɓaure ba ce.

ƘWARIN DA KE CIKIN ƁAURE

Hausawa sukan ce mai son cin ɓaure ba ya tona cikinsa. Dalili shi ne ƙananan ƙwari da ake tararwa a ciki. To, waɗannan ƙwari ba ƙazanta ba ne. Ma'aikatan itacen ne.

Furen ɓaure a cikin ɗan yake, a ɓoye. A bakin kowane ɗan ɓaure akwai wata 'yar ƙofa. Ta nan macen ƙwaron take shiga, ɗauke da garin fure daga wani ɓauren. Sai ta shafa wa furannin ciki wannan gari, ta yi ƙwai, ta mutu. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, mazan ba su da fiffike. Su ne suke huda wa matan hanyar fita. Matan sai su tashi da sabon garin fure, su nufi wani itacen. In babu wannan ƙwaro, ƙwayar iri ba ta ƙulluwa. Kusan kowane irin ɓaure yana da nasa ƙwaron dabam.

RESHE SHI NE GADO

Yawancin dangin ɓaure suna kamawa idan aka dasa reshensu. Ceɗiya da durumi sun fi saurin kamawa. Sauran suna son ƙarin haƙuri.

A nan akwai abin lura. Itacen da ya fito daga ƙwaya ɗa ne, yana iya bambanta da uwarsa. Amma wanda aka dasa daga reshe ba ya bambanta. Ganye iri ɗaya, zaƙi iri ɗaya. Jikin tsohon itacen ne ya ci gaba da rayuwa a sabon wuri. Saboda haka wanda ya yanko reshe daga durumin da kakansa ya dasa, durumin kakan ne ya kawo ƙofar gidansa.

Ƙasar Masar misali ce. Tun zamanin Fir'auna ake da ɓaure irin na fadama a can, har ana sassaƙa akwatin gawa da katakonsa. Amma ƙwaron da ke ƙulla masa iri ba ya ƙasar. Da reshe manoman Masar suka riƙe shi, daga uba zuwa ɗa, shekaru dubbai.

Wannan darasi ya dace da mutanen bakin iyaka. A shekarar 1898 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyar da ta raba ƙasar Borgu biyu. Illo ta faɗo ɓangaren Ingila. Wasu garuruwan suka faɗa ɓangaren Faransa, inda ake kira Benin a yau. Iyaka ta raba ƙasa, amma zumunci bai yanke ba. Har yanzu akwai mai gida a Tsamiya da ɗan'uwa a Segbana, ko mai gida a Lolo da 'yar'uwa a Madekali. Reshe ɗaya daga tsohon gida tsaraba ce da ta fi goro daɗewa.

YADDA AKE DASA RESHE

Lokacin da ya fi kyau shi ne farkon damina, wajen watan Mayu zuwa Yuni, bayan ƙasa ta jiƙu. Ga matakai:

1. A nemi izinin mai itace kafin a sara.

2. A zaɓi reshe mai lafiya, miƙaƙƙe, mai kaurin damtsen hannu. Tsawonsa ya kai kamu uku ko huɗu, wato mita ɗaya da rabi zuwa biyu.

3. A sare shi da adda mai kaifi, kada ya tsage. A yi alama a gindinsa, don kada a dasa shi kai ƙasa.

4. A cire ganyen duka. Ganye yana shanye ruwan reshe tun bai yi saiwa ba.

5. A jingine shi a inuwa kwana biyu ko uku, har danƙon bakin saran ya bushe. Wannan yana rage ruɓewa.

6. A haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ko fiye. A gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana jawo gara. A barbaɗa toka kaɗan a ramin.

7. A kafa reshen, a mayar da ƙasa, a taka ta sosai don kada iska ta girgiza shi.

8. A kewaye shi da ƙaya ko kara. Akuya ba ta barin sabon toho.

Idan ruwa ya ɗauke, a riƙa ba shi bokiti ɗaya sau biyu a mako. A ci gaba da haka har ranin farko ya wuce. Bayan nan yakan riƙe kansa. Kada a girgiza reshe don a ga ko ya kama. Sabon ganye shi zai ba da labari.

INDA BA A DASAWA

Saiwar dangin ɓaure tana da ƙarfi, kuma tana bin ruwa. Tana iya tsaga katanga, ta shiga rijiya, ta rushe masai. Don haka a bar tazarar taku 15 ko fiye tsakanin itacen da gini. Gamji da ɓaure sun fi dacewa da bakin gona ko bakin fadama. Durumi da ceɗiya sun dace da fili a ƙofar gida, ko makaranta, ko kasuwa.

Wani lokaci tsuntsu yakan kai ƙwayar ceɗiya kan giginya ko cikin tsagin gini, ta tsiro a can. Idan aka bar ta, saiwoyinta za su naɗe itacen, ko su fasa ginin. A cire ta tun tana ƙarama, a mayar da ita ƙasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A kiyaye danƙon kada ya shiga ido. Yana kuma sa wa wasu ƙaiƙayi a fata. A wanke hannu bayan aiki.

BAƘON ƁAURE

Akwai ɓauren ƙasashen Larabawa, wanda ake kira tin. Shi ne aka ambata a Alƙur'ani mai girma, a sura ta 95, Suratut Tin. Yana cikin itatuwan farko da ɗan Adam ya fara dasawa. A yau duniya tana samar da fiye da tan miliyan ɗaya na 'ya'yansa a shekara. Turkiyya ce kan gaba. Masar, Maroko da Aljeriya ma suna noma shi da yawa.

Wannan ɓaure bai kai na gida girma ba, saboda haka yana zama a lambu. Ana dasa shi da ɗan reshe mai kaurin yatsa, mai tsawon taƙi ɗaya. Ire-irensa da yawa suna yin 'ya'ya ba tare da ƙwaro ba. Yana son rana da ban ruwa, amma ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa. Wanda ya samu ya gwada. Sai dai kada son baƙo ya sa a yi watsi da na gida, domin na gida ya san rani, ya san gara.

Mai ɗauko reshe daga ƙetaren iyaka kada ya haɗo da ƙasar gindi, domin cuta da tsutsa suna ɓuya a cikinta. Ya nuna wa ma'aikatan duba tsirrai a bakin iyaka.

AMFANIN DA GIDA ZAI SAMU

An ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Inuwar durumi kuwa ta mai gida ce. A ƙarƙashinta ake hira, ake sulhu, ake ɗaukar karatu.

Da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare, ganyen ɓaure da ceɗiya da shirinya yana ceton dabbobi. Amma kada a datse itace ƙwal. A yanki kashi ɗaya cikin uku, a bar sauran. Masu sassaƙar magani kuma kada su zagaye itace da sassaƙa, domin hakan yana kashe shi.

Saiwar ɓaure tana riƙe ƙasar bakin kogi. Mutanen Jihar Kebbi ba su manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa. Itace ba ya hana kogi cika. Amma gaɓar da ke da itatuwa ba ta zaizayewa da sauri kamar wadda aka share.

Malamai kuma suna karantar da cewa wanda ya dasa itace yana samun ladan sadaka duk lokacin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi.

LITTAFIN ITATUWAN GIDA

A nan ne karatu da rubutu za su yi aiki. Mai tara itatuwa ya sayi ƙaramin littafi. Kowane itace ya ba shi shafi ɗaya. Ga misali:

Iri: Durumi
Daga ina: Tsohon gidan kaka, Illo
Ranar dasawa: 10 ga Yuni
Dalili: Sunan jariri
Mai ban ruwa: Yayar jaririn

A ƙasar Bagudo ana jin Hausa, Fulatanci, Zabarmanci da wasu harsuna. A tambayi tsofaffi sunan kowane itace a harshensu, a rubuta. A rubuta kuma wanda ya dasa uwar itacen, idan an sani. Gida zai iya ɗaukar al'adar dasa reshe ɗaya duk shekarar da aka yi haihuwa ko aure. Idan an aurar da 'ya zuwa wani gari, a kai mata reshe da damina. Bayan shekara bakwai, mai dasa iri ɗaya kowace damina ya tara dangin nan bakwai duka.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne alamu biyu ne suka haɗa dangin ɓaure?
2. Mene ne aikin ƙwaron da ke cikin ɓaure?
3. Me ya sa ake cire ganye kafin a dasa reshe?
4. Taku nawa ake bari tsakanin itace da rijiya?
5. Wani manomi ya dasa reshe 12. Akuya ta cinye 3, gara ta kashe 2. Nawa suka rage?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya zagaya garinsu, ya ƙidaya dangin ɓauren da suka rage. Ya rubuta sunayensu da inda suke. Ya zaɓi ɗaya wanda zai nemi reshensa idan ruwa ya sauka. A kawo littafin aji a nuna wa malami.