Yadda Ake Mayar da Ƴaƴan Karfasa Maza

Mai kiwon karfasa a fadamar Jiratawa ko ta Tsibiri ya san wannan ciwo: watanni kaɗan rami ya cika da ƙanana, babu ta kaiwa kasuwar Maraɗi. Macen ke ɗaukar ƙwai a baki, ba ta ci sai ta saki ƴaƴa, namiji kuwa ci yake yana ƙiba. Masuntan tafkin Madarunfa ba ruwansu, abin da koma ta kawo shi ne rabonsu. Amma mai sayen abincin kifi da kuɗinsa maza zalla yake so.

A teku akwai kifin da ke tashi mace, in babban namijin garke ya mutu, sinadaran jikinta su juya ta zama namiji. Karfasa ba ta haka, sai dai a makonninta na farko jiki bai tsai da jinsi ba. Wannan ƴar kafa masani ɗan Filifin Rafael Guerrero ya bi a binciken da ya wallafa a 1975.

Dabarar ita ce a ba ƴaƴan sinadarin maza cikin abinci, kuma haɗin ba wuya. Miligiram 60 na sinadarin, wato metiltestosteron, a kilo guda na garin abinci, a narkar cikin alkol, a cuɗa da safar hannu, a shanya a inuwa, don rana na kashe ƙarfinsa. Mai juna biyu ba ta taɓa shi.

Gwaninta tana wajen zaɓe. Ana so ɗan kifi ya gama shanye gwaiduwarsa, amma bai kai milimita 14 ba. Sai a tace su da rariya, duk wanda ya maƙale a ware shi, ko da shi ya fi kyau. Nan sabon shiga ke faɗuwa, tausayin manyan ya kama shi ya bar su, alhali sun riga sun wuce. Gwani kuwa tun da asuba yana durƙushe bakin kwatarniya, ido kawai ya ishe shi awo.

Daga nan ciyarwa ce, aƙalla sau huɗu a yini, kwana 21 zuwa 28, ba fashi. In ruwa ya yi kore, su ƙoshi da gansakuka su bar magani. In hunturu ya sanyaya shi, ci ya ragu.

In an kiyaye, cikin ɗari fiye da 95 ke fitowa maza, kuma an daina ba su maganin watanni kafin su kai tukunya.