Nazarin Sana'a: Yanke Kwalin Faifan Garmaho da Hasken Lesa

Faifan garmaho, wanda aka ɗauka kaset da faifan CD sun riga sun binne shi, ya dawo kasuwa da ƙarfinsa. Ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta nuna cewa a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a ƙasar, na CD kuwa miliyan 33, abin da rabon a gan shi tun 1987. Mai sayen faifai a yau yana da waƙar a cikin wayarsa. Abin riƙewa a hannu da adanawa yake biya wa kuɗi. Shi ya sa kwalin da ake saka faifan ya zama haja mai zaman kanta, har ƙananan masana'antu suka shiga yanke shi da hasken lesa bisa zanen da mai waƙa ya zaɓa.

Huda kwalin faifai don ado ba sabon abu ba ne. A 1975 makaɗan Led Zeppelin sun fitar da faifan Physical Graffiti cikin kwali mai hoton wani bene na birnin New York, aka yanke tagoginsa yadda za a hango abin da ke ciki. A wancan zamani da wuƙar bugu ake yi, wato ƙarfe mai kaifi da ake lanƙwasawa daidai siffar zanen, a kafa shi a katako, inji ya danna shi a kan kwali. Ƙera wuƙar ke cin kuɗi, amma da an ƙera ta sai a buga dubbai cikin ɗan lokaci. Duk da haka lissafi kan kuɓuce. Labari ya shahara cewa kamfanin Factory na Manchester, a Ingila, ya riƙa faɗuwa a kan kowane faifan Blue Monday da ya sayar a farkon fitowarsa a 1983, saboda tsadar kwalin da Peter Saville ya zana.

Na'urar lesa ta juya wannan lissafi. Irin da aka fi amfani da ita wajen takarda da kwali ita ce mai aiki da iskar kabon, wadda Kumar Patel ya ƙirƙiro a 1964. Ba ta da wuƙa. Zanen yana cikin kwamfuta, haske mai tsananin zafi ya bi layinsa yana ƙone siririyar hanya a jikin kwalin. Canza zane bai wuce canza fayil ba, don haka babu kuɗin share fage, kuma ana iya sa wa kowane kwali lambarsa ko sunan mai shi.

Sai dai inda aka huta da kuɗin wuƙa, lokaci ake biya. Wuƙar bugu ba ruwanta da yawan ado, danna ɗaya ta gama; lesa kuwa sai ta bi kowane layi ɗaya bayan ɗaya. A ce zane yana cin minti 4: kwali 300 zai cinye awa 20 na na'ura, 3,000 kuwa awa 200, ban da ɗorawa da saukewa. Ke nan ribar lesa tana ga ƙaramin aiki, daga gommai zuwa 'yan ɗaruruwa, da kuma zane mai ƙananan ramuka da wuƙa ba za ta iya fitarwa ba. Mai sana'ar da ya yanka farashi bisa kuɗin kwali, bai auna mintocin na'ura ba, wahalar banza zai yi. Hanyar da ta dace ita ce a yanke samfuri ɗaya, a riƙe agogo, sa'annan a faɗi kuɗi.

Dangane da jari, girman teburin na'ura shi ne abin fara dubawa. Kwalin babban faifai mai inci 12 yana da kimanin santimita 31 da rabi kowane gefe, kuma a shimfiɗe ake yanke shi, bayan an buga launi, kafin a ninke a manne. Tsawonsa a shimfiɗe ya kai santimita 63, saboda haka ƙaramar na'ura mai santimita 60 ba ta ɗaukarsa.

Akwai kuma hasarar da ke ɓoye cikin aikin. Zafi yana barin tabon ƙuna a bakin yanka, wanda ya fi tona asiri a farin kwali, sai an daidaita ƙarfin haske da gudunsa, an kuma hura iska a wurin. Ado in ya yi yawa kwali ya yi rauni, ya yage a kan kanta. Tilas a sa wa faifan rigar ciki, domin ƙura da toka na shiga ta ramukan. Masu wannan harka ba su manta da Sticky Fingers na 1971 ba, wanda zif ɗin gaske da aka ɗinka a kwalinsa ya riƙa lahanta faifai in an jibga su. Abu mafi haɗari shi ne roba nau'in PVC, wadda da ita ake yin faifan kansa: in lesa ta ƙone ta tana fitar da hayaƙi mai guba, mai cin huhun ma'aikaci da ƙarfen na'ura.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a adon kwalin faifai, domin Lemi Ghariokwu ya zana wa Fela Kuti kwalaye 26, kuma kamfanonin Turai irin su Soundway da Strut sun sake buga tsofaffin waƙoƙin ƙasar nan a faifai. Na'urar da ke yanke katin gayyatar biki ita ce dai ke yanke kwalin, muddin teburinta ya isa. Amma mai sha'awar shiga sai ya lissafa abu biyu. Na farko wutar lantarki, domin ɗaukewarta a tsakiyar yanka na iya ɓata kwalin da aka riga aka kashe wa kuɗin launi. Na biyu sufuri, tunda manyan masana'antun buga faifai, kamar GZ Media ta Jamhuriyar Czech, a ƙetare suke, kuma dole kwali ya iske faifai a can ba tare da kusurwarsa ta lanƙwashe ba.