Lamba Mai Zagaye: 142,857

Ɗalibai da yawa suna gudun manyan lambobi kamar sun ga dodo. To, ga wata da muke so kowa ya gwada da fensir da takarda: 142,857.

Mu fara da sanin irinta. Mara ce, ba cika ba, gama ta ƙare da 7. In muka tara alƙalumanta shida za mu sami 27, saboda haka 9 tana raba ta ba saura. Asalinta 27 sau 11 sau 13 sau 37 ne, kuma lambobi 32 ne ke raba ta daidai.

Abin sha'awar yana wajen sau. Sau 2 ta ba mu 285,714. Sau 3 kuma 428,571, sau 4 571,428, sau 5 714,285, sau 6 857,142. Ku duba da kyau, alƙaluman nan shida ne dai suke ta zagayawa, ba wanda ya tsallake ɗan'uwansa. Sau 7 fa? Sai ga 999,999!

Ba siddabaru ba ne. Mu raba 1 da 7 ta doguwar hanya, wadda wasunku ba sa so. Saura zai riƙa fitowa haka: 3, 2, 6, 4, 5, sa'an nan 1, inda muka faro. Amsar ita ce 0.142857, tana ta maimaita kanta ba iyaka. Da yake kowane saura daga 1 zuwa 6 ya fito, raba 2 ko 5 da 7 shiga zagayen nan ne kawai ta wata ƙofa. Wanda ya gane wannan, in ya gamu da 5 a raba da 7 a jarrabawa, nan take zai rubuta 0.714285.