Wa'adin Haƙƙin Mallaka: Shekara Nawa Ya Kamata Mai Fasaha Ya Ci Gajiyar Aikinsa?

POTISKUM — Ɗan kasuwar da ya sayi sa a kasuwar shanu ta Potiskum ya san cewa dabbar tasa ce har ranar da ya sayar ko ya yanka. Wanda ya gina gida kuwa, 'ya'ya da jikoki za su gaje shi ba tare da wani ya ƙidaya musu shekaru ba. Amma akwai wata irin dukiya wadda doka ta yanka wa lokaci, wato littafi da waƙa da fim da magani da sabon inji. Da zarar wa'adinta ya cika, sai ta fita daga hannun mai ita, ta zama ta kowa. Tsawon wannan wa'adi shi ne abin da masana shari'a da na tattalin arziki suka shafe fiye da shekara 300 suna jayayya a kansa, kuma jayayyar ta shafi aljihun mai ɗab'i da mai sayar da littattafai da mai shagon maganin dabbobi da maƙeri.

Dalilin Yanka Wa'adi

Sa ɗaya ba ya kwana a garke biyu, amma littafi ɗaya ana iya buga kwafi dubu nasa ba tare da na hannun marubucin ya ragu ba. Idan aka bar kowa ya kwafa tun ranar farko, mai fasaha ba zai mayar da kuɗinsa ba, balle ya sake wani aiki. Idan kuma aka bar masa haƙƙin har abada, ilmi zai yi tsada. Saboda haka doka ta ƙulla ciniki tsakanin ɓangarorin biyu: mai fasaha ya ci kasuwarsa shi kaɗai na wasu shekaru, bayan nan jama'a su karɓa kyauta.

Dokar farko ta irin wannan, wadda aka kafa a Ingila a 1710, shekara 14 kawai ta bai wa marubuci, da ƙarin wasu 14 idan yana da rai. Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a 1886, Nijeriya kuma ta shiga a 1993, ta tanadi aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci. A ƙasar nan ma wa'adin ya sha canzawa. Dokar Ingila ta 1911, wadda aka yi aiki da ita a zamanin mulkin mallaka, shekara 50 ta bayar. Dokar 1970 ta rage zuwa 25, sannan Dokar Soja mai lamba 47 ta 1988 ta ɗaga zuwa 70. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar shi a haka.

Yadda Ake Lissafi

Littafi da waƙa da zane suna da kariya tsawon ran mai su, da shekara 70 daga ƙarshen shekarar da ya rasu. Bisa wannan ƙa'ida, littafin marubucin da ya rasu a 1981, kamar Alhaji Abubakar Imam, sai ƙarshen 2051 wa'adinsa zai cika. Waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, za su kai ƙarshen 2069, na Ɗanmaraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, sai ƙarshen 2085.

Fim da hoto da naɗin murya shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da su. Ke nan fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, zai zama na kowa bayan 2040. A nan akwai tarkon da ya kamata mai sayar da waƙoƙi ya lura da shi: a faifai ɗaya haƙƙi biyu ne. Faifan da aka fitar a 1972, wa'adin naɗinsa ya cika a ƙarshen 2022, amma baitocin da ke ciki suna nan a hannun magadan mawaƙin.

Idan mutum biyu suka haɗu suka rubuta littafi, daga rasuwar na ƙarshensu ake fara ƙidaya. Misali yana nan a gida. A 2004 aka buga ƙamusoshin harsunan Jihar Yobe a Potiskum, ciki har da na Bolanci wanda Alhaji Maina Gimba ya yi tare da Farfesa Russell Schuh na Amurka. Rasuwar Schuh a 2016 ba ita kaɗai ce za ta yanke wa'adin littafin ba, sai an duba shekarun abokan aikinsa. Tatsuniyoyi da waƙoƙin gargajiya na Bolewa da Ngizim da Karekare kuwa, tun da ba su da marubuci ɗaya sananne, doka ta damƙa kula da su ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, wadda ake neman izninta kafin a yi kasuwanci da su.

Sabon inji ko sabon magani ba ya samun kariya sai an nemi takardar shaidar ƙirƙira. Dokar 1970 mai kula da wannan fanni ta ba da shekara 20 daga ranar shigar da takardar nema, da sharaɗin biyan kuɗin sabuntawa kowace shekara. Tambarin kasuwanci ne kaɗai ba ya mutuwa: shekara 7 da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

Hujjar Masu Son Dogon Wa'adi

Masu wannan ra'ayi suna cewa marubuci ba shi da fansho, littafinsa shi ne gonarsa, kuma bai kamata a ƙwace gonar daga hannun marayunsa ba. Suna ƙarawa da cewa sau da yawa aiki ba ya yin daraja sai bayan mai shi ya kwanta dama, kamar yadda har yau ake sauraron Shata a gidajen rediyo da tashoshin mota. A ɓangaren addini ma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira dukiya ce da Shari'a ta kare. Dangane da magunguna, kamfanoni suna cewa gwaje-gwaje kan cinye kusan rabin shekara 20 ɗin kafin maganin ya shiga kasuwa.

Hujjar Masu Son Gajeren Wa'adi

Waɗannan kuwa da alƙalamin lissafi suke magana. Idan jari yana kawo ribar kashi 10 cikin 100 a shekara, Naira 100,000 da za a karɓa bayan shekara 70 ba ta wuce darajar Naira 127 a yau ba. Babu marubucin da zai ƙara shafi ɗaya saboda wannan. Irin hujjar da masana tattalin arziki 17, ciki har da Milton Friedman da Kenneth Arrow, suka gabatar wa Kotun Ƙolin Amurka ke nan a 2002, suna sukar dokar 1998 wadda ta ƙara shekara 20 a kan wa'adin ƙasar. Kotun ta tabbatar da dokar a 2003, shi ya sa fim ɗin Mickey Mouse na 1928 bai zama na kowa ba sai ranar 1 ga Janairu, 2024.

Har ila yau suna nuni da cewa yawancin ayyuka kasuwarsu takan mutu tun kafin masu su. Littattafan Hausa da dama da aka buga a Kano daga 1984 zuwa 2000 sun ɓace daga kasuwa. Mai ɗab'i yana tsoron sake buga su ba izni, mai iznin kuma ba a san inda yake ba. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, kowa yana iya bugawa, shi ya sa ake samunsu da araha a hannun masu sayar da littattafan addini. Amma sabuwar fassara ko sharhi a kansu haƙƙin wanda ya yi ne.

Darasi Daga Kasuwar Shanu

Makiyayan da ke kawo dabbobi Potiskum sun ga amfanin cikar wa'adi da idonsu. Maganin Ivermectin, mai kashe tsutsar ciki da ƙwarin fata, kamfanin Merck na Amurka ne ya fara sayar da shi a 1981. Da wa'adin haƙƙinsa ya cika a 1996, sai kamfanoni da yawa suka shiga haɗa shi, farashi ya sauka. Sunan Ivomec dai bai zama na kowa ba, domin shi tambari ne. Haka aka gani a maganin rage kaifin cutar ƙanjamau: a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da maganin shekara guda a kan Dala 350, a lokacin da na asali ya haura Dala 10,000. A shekarar ce Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta tabbatar a Doha cewa gwamnatoci suna da ikon ba da iznin haɗa magani domin lafiyar jama'a ko da wa'adi bai cika ba.

Wannan ya nuna cewa cinikin shekara 20 yana biyan buƙatar ɓangarorin biyu, domin mai ƙirƙira yakan ci ribarsa, masu saye kuma sukan ga sauƙi a rayuwarsu. Shekara 70 bayan rasuwa kuwa, ayyuka ƙalilan ne suke rayuwa har su ci moriyarta. Mai shirya fim a Kano bai taɓa yin asara don shekara 50 ta yi masa kaɗan ba. Asararsa a makonnin farko take, lokacin da masu satar fasaha ke kwafar fim ko tura shi a waya. Wa'adin da ba a tsare farkonsa ba, tsawonsa a takarda kawai yake.

Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Kiyaye

Na farko, kafin a sake buga littafi ko a sayar da tsohuwar waƙa, a binciki shekarar rasuwar mai ita da shekarar fitarwa. Na biyu, doka ba ta amincewa da sayar da haƙƙi da baki. Sai a rubuce, kuma ya dace a fayyace shekara nawa aka sayar da inda za a yi kasuwancin. Na uku, maƙerin da ya ƙirƙiro sabon injin sussuka ko na niƙa, ya shigar da takardarsa a ofishin rajista na Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya da ke Abuja kafin ya kai shi kasuwa, domin abin da ya riga ya bayyana ga jama'a doka ba ta ɗaukarsa sabo. Na huɗu, masu rabon gado su sanya haƙƙin littafi ko waƙa cikin lissafin dukiyar mamaci, su kuma naɗa wakili ɗaya wanda za a riƙa neman izni a wurinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Magadan da ba su da takarda a hannu, shekara 70 ɗin da doka ta ba su za ta wuce ba su ga ko sisin kwabo ba.