Kafin Ka Raba Sabobinka Gida Biyu

Ɗana, jiya da ka zo gaishe ni nan Yalwawa na lura shayin da aka zuba maka har ya huce ba ka taɓa ba. Ka ce ofishinku ya sayi saba ta biyu, an kai ta wani gini a hanyar Kiyawa, don idan ta farko ta faɗi waccan ta ɗauki aikin, amma tun da ka haɗa su kowacce sai ta ce ita ce gaba. Baƙi suka shigo ban samu na amsa maka ba, shi ya sa na zauna bayan sallar asuba nake rubuto maka.

Shawarar raba su daidai ce. Wanda ya gina rumbu biyu jikin juna, gobara ɗaya ce za ta lashe su. Sai dai ka binciki abin da gine-ginen biyu suka yi tarayya a kai. Taransifoma ɗaya ke ba su wuta? Wayar fayibarsu rami ɗaya ta bi? Ka tuna watan Oktoba na 2024, da layukan wutar da ke ciyar da Arewa suka lalace, muka haura mako guda muna dogaro da janareta da sola. Ka kuma tuna 14 ga Maris na 2024, da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, manhajojin wasu bankuna suka ƙi buɗewa. Masu layi biyu da yawa a ranar suka gano cewa layukan nasu hanya ɗaya suka bi.

To, ga abin da ya ɗaure maka kai: sabobin nan biyu kowacce sabnet ɗinta daban. Ka ɗauki kowane sabnet kamar unguwa. Idan mai shela ya tsaya bakin masallaci a Yalwawa ya ɗaga murya, duk mutanen unguwa za su ji, amma mutumin Takur ba zai ji ba sai an aika masa ɗan aike har ƙofar gida. Rauta ita ce iyakar unguwa: tana barin ɗan aike mai adireshi ya wuce, ba ta barin shela. Manhajar keepalived da ka saka, da ƙa'idar VRRP take aiki, kuma a yadda ta zo, shela take yi. Ta farko tana ta kiran "ina nan, ina nan", ta biyu ba ta ji, sai ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu, ta naɗa wa kanta rawani. Maganin wannan ɓangaren mai sauƙi ne: ka rubuta wa kowacce adireshin ɗayar, su riƙa gaisawa kai tsaye. Idan manhajojin Corosync da Pacemaker ka koma, fitowa ta 3 ta Corosync da ma haka take aikawa. Kai dai ka buɗe mata ƙofa ta 5405 ta UDP a katangar tsaron ɓangarorin biyu. Na sha ganin yaro ya kwana yana zargin manhaja, alhali ƙofa ce a rufe.

Ko sun ji juna, akwai sauran rina a kaba. Adireshin IP ɗin nan mai yawo, wanda kake so ya tashi daga wannan saba ya sauka kan waccan, ɗan unguwa ɗaya ne. Ka kai lambar gidan Yalwawa ka manna a wata ƙofa a Takur, mai kawo saƙo Yalwawa zai ci gaba da zuwa. Wasu kan shimfiɗa sabnet ɗaya ya game gine-ginen biyu don su huta. Yana aiki, amma ni ba na sonsa, domin duk rikicin da ya tashi a gida ɗaya nan take yake tsallakawa ɗayan, ka ga an koma rumbu biyu jikin juna. Na fi son kowacce ta riƙe adireshinta, mutane su riƙa neman aikin da suna, DNS ya nuna musu wadda ke kan aiki. A nan ka kula da wa'adin da kwamfutoci ke riƙe tsohon adireshi. A gungun sabobin Windows, wa'adin da yake zuwa da shi daƙiƙa 1,200 ne, wato minti 20. Sabarka za ta iya tashi cikin rabin minti, amma mai karɓar kuɗi ya zauna minti 20 yana kallon allo, layi ya kai bakin titi. Ka rage shi zuwa daƙiƙa 300 ko ƙasa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni komawa barci. Shekarun baya, lokacin da harkar kwamfuta ke tashe a jiharmu, bayan gwamnatin Saminu Turaki ta kafa Galaxy a Dutse da makarantar Informatics a Kazaure, mu da muka fara shiga muna jin babu abin da ya gagare mu. A wani wurin da na yi aiki na haɗa saba biyu a gini biyu, kamar naka. Wata ranar Talata masu haƙar kwalbati suka datse wayar da ke tsakani. Babu sabar da ta mutu. Kowacce lafiyarta ƙalau, kowacce ta ɗauka ita kaɗai ta rage, kowacce ta ci gaba da yanka rasit. Da aka gyara waya muka tarar da rasit biyu-biyu masu lamba ɗaya, suna daban, kuɗi daban. Dare uku muka yi ni da akawu, takardu shimfiɗe kan tabarma, muna bi da jan biro. Har yau ina ganin fuskar wata dattijuwa da ta zo da rasit ɗinta a ƙulle cikin leda, aka ce mata lambar ta wani ce. Da sabobin biyu sun tsaya cak a ranar, da ya fi mana sauƙi.

Biyu ba sa yanke wa kansu hukunci, ɗana. Idan magana ta yanke tsakaninsu, babu yadda ɗaya za ta bambance mutuwar 'yar'uwarta da katsewar waya. Sai da shaida na uku, a wuri na uku, mai hanyarsa daban. Duk wadda ta iya isa gare shi ta samu ƙuri'a 2 cikin 3 ta ci gaba, ɗayar ta sauke aiki. Shaidan ba ya buƙatar babbar na'ura. Ƙaramar kwamfuta mai ɗauke da manhajar qnetd, ƙofa ta 5403 ta TCP a buɗe, ta wadatar. Kada ka ajiye shi ɗaki ɗaya da ɗayansu, ya zama shaidar ɗan gida. Kuma ka ba gungun ikon kashe sabar da ta yi shiru daga nesa, kafin ɗayar ta taɓa bayanai. Matasa da yawa kan kashe wannan tsarin saboda yana damunsu lokacin gwaji. Don Allah kada ka bi su.

Ka ce shugabanku na tunanin mayar da ta biyu Kano, inda Galaxy Backbone ta buɗe babbar cibiyar adana bayanai a farkon 2023. Tunani ne mai kyau, amma nisa na da kuɗinsa. Haske cikin fayiba yana cin kusan kilomita 200 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka zuwa Kano da dawowa ba wani abu ba ne idan layin na kirki ne. Ka auna shi mako guda, da rana tsaka da cikin ruwan sama, ka ga gaskiyarsa. Idan yana rawa, ka tsawaita haƙurin da suke yi wa juna kafin su ce an mutu. Na sababbin Corosync daƙiƙa 3 ne. Sannan ka zauna da shugaban ka tambaye shi a fili: kowane rubutu ya jira sai ya isa can kafin a ce ya shiga, aiki ya ɗan yi nauyi, ko a bar kwafin ya biyo baya, a yarda ranar tsautsayi za a rasa na 'yan daƙiƙoƙin ƙarshe? Wannan hukuncinsa ne, ka sa ya rubuta shi a takarda. Ka kuma faɗa masa kwafin nan ba ajiya ba ne: abin da aka goge bisa kuskure a nan, nan take zai goge a can.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar Asabar babu jama'a a ofis, ka nemi izini, ka zo ka ɗauke ni bayan la'asar. Ka tanadi agogo da littafi. Za mu fara zare wutar ta farko mu ƙirga, sannan mu mayar, mu zare wayar da ke tsakaninsu muna kallon allo biyun, sai kuma mu kashe shaidan. Ka taho da abokin aikinka, shi zai riƙe biro, domin ranar da abin zai faru da gaske wataƙila kana ƙauye wajen biki. Ka gaishe min da mahaifiyarka, ka ce mata dabinon ya iso.