Yadda Ake Gyara Harara-Garke Ga Babban Mutum A Gadarif

Har yanzu a unguwannin Hausawan Gadarif ana cewa harara-garke in ya wuce ƙuruciya sai haƙuri. Wannan magana ta cuci mutane da yawa, domin ana miƙar da idon ɗan shekara hamsin.

Da farko sai awo. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 tafiya Khartum ta yi wuya, don haka a fara da likitan ido na cikin gari, shi zai faɗi inda za a dosa. Zai rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya ga yadda ɗayan ke zamewa wajen kunne ko wajen hanci, sannan ya auna girman karkatar. Zai tambayi yaushe abin ya fara. Idan da girma ya zo kwatsam, mutum yana ganin abu biyu-biyu, ranar nan za a tafi asibiti, don ciwon suga ko hawan jini kan taɓa jijiyar ido.

Ƙaramar karkata tabarau kan wadatar da ita, wani lokaci mai gilashin da ke haɗe gani biyu ya koma ɗaya. Akwai allurar Botox, amma ƙarfinta wata uku ne zuwa huɗu.

Sai tiyata, wadda aka fi tsoro. Ba a ciro ido daga gurbinsa, ko kusa. Tsoka shida ke juya kowane ido. In wajen kunne idon ya karkata, likita yakan kwance ta gefen kunne, mai yawan ja, ya ɗinke ta ɗan baya don ta sassauta, ya rage tsawon ta gefen hanci don ta ƙara ƙarfi. Aikin kamar awa ɗaya ne, galibi a gida ake kwana. Ido zai yi ja na wasu makonni. A riƙa ɗiga magani, a ajiye kwalli, a yi hattara da ruwa wajen alwala. Manomi ya bari sai an gama yankan riɗi da casar dawa, saboda ƙura. Wasu sai an sake musu aikin.

Amma fa idon da ya taso da raunin gani tun yarinta, tiyata tana miƙar da shi ne, ba ta ƙara masa gani. Maganinsa rufe lafiyayyen idon don rarraunan ya koyi aiki, kuma ya fi ci kafin shekara bakwai. Wanda ke da irin wannan ido ya kai ’ya’yansa a duba su, domin abin yakan bi jini.